Rasuwar Jagora, Maɓallin da Ya Tafi da Darasi na Bakwai

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, wadda haushi ma ya samu wurin zama a gefenta, ake sanar da 'yan uwa da abokan arziki, da duk wanda ya taɓa leƙa fuskar wata tsohuwar kwamfuta mai karyayyen wuya, rasuwar Jagora, ɗan koren maɓallin nan da ke zaune a kusurwar dama ta sama a manhajar shiga intanet. Ya rasu ranar Talata da hantsi, bayan shekara huɗu da wata biyu a hannun mai shi, da doguwar jinyar da ya yi ta ɓoyewa. Bai yi sallama ta mutunci ba. Bai bar wasiyya ba. Abin da ya fi ciwo, bai mayar da ajiyar da aka damƙa masa ba.

Ga wanda bai san marigayin ba, aikinsa ɗaya ne a duniya. Ka danna shi, ya ce tilin, ya ɗauke ka ya dire a wani shafi da ba ka taɓa gani ba, ba ka kuma nema ba, amma wanda ya dace da abin da ranka ke so. In shafin ya yi maka, ka ɗaga masa babban yatsa, shi kuma ya adana maka a cikinsa. In bai yi maka ba, ka sake dannawa, ya sake cewa tilin, ba fushi ba ƙorafi.

Wanda aka yi wa wannan rashi shi ne autan gidansu, wanda kowa ke kira Sha-Yawo tun ranar da ya ajiye jakar makaranta a aji uku na sakandare. Ba wai kansa ba ya ja ba ne. Benci ne ke cizonsa. Daga nan ya yi wankin mota wata biyu, ya yi fenti wata ɗaya da 'yan kwanaki, ya zauna wajen mai walda har ranar da tartsatsi ya huda masa riga, ya sayar da rigunan waya a bakin titi, sannan ya faɗa shagon hoton takardu, inda ya kafa tarihin zama wata biyar cur. A can ne wata ɗaliba da ta zo buga takardunta ta ga yana hamma a gaban kwamfutar da mijin Yayarsa ya yar masa, wadda ake tokare murfinta da gwangwanin madara don kada ya kife. Ta ce bari ta sa masa abin da zai kashe masa hamma. Minti biyu ta yi, Jagora ya shigo duniyarsa.

Ranar farko marigayin ya yi abin da ya sa aka ƙaunace shi, abin da kuma ya sa yau aka kasa yafe masa. Ya shimfiɗa jerin abubuwa, kowanne da ɗan akwati a gefe, ya tambayi Sha-Yawo abin da yake so. Shekara goma sha tara yana jin tambayoyi. Malamai suna tambayarsa dalilin makara. Kawu yana tambayarsa yaushe zai zama mutum. Inna tana tambayarsa ko ya ci abinci. Ba wanda ya taɓa tambayarsa me yake so ya sani. Ya zauna ya cika akwatunan nan kamar mai rantsuwa: tsuntsaye, gadoji, taswira, agogo, injuna, taurari, da teku, wanda bai taɓa gani ba. A can ƙasan jerin akwai wani akwati na komawa karatu bayan an girma. Ya waiga hagu, ya waiga dama, ya ga ba kowa a shagon, ya danna shi ma.

Duk wanda ya zauna da marigayin a shekarunsa na lafiya zai shaida kyawun halinsa. Mai haƙuri ne. Bai taɓa cewa ai ba ka gama na jiya ba. Bai taɓa neman takardar shaidar makaranta kafin ya buɗe ƙofa ba. Shi ya kai Sha-Yawo wajen wata mata da ba ta ɗaukar hoton komai sai ƙofofin gidaje, ƙofa fiye da dubu, kowace da labarinta. Shi ya kai shi wajen wani mutum da ke naɗar ƙarar ruwan sama a kan rufi iri-iri, na kwano daban, na kankare daban, na tanti daban. A wajensa aka ji yadda ƙudan zuma ke shawara kafin su sauya gida, da dalilin da ya sa ake barin ɗan tsagi a tsakiyar gada, da yadda tsuntsu ƙarami ke ƙetare teku bai sauka ba. Da rana tsaka, ana zafi, injin hoto na wari, sai a ji tilin, sai ga mutum a ƙwanƙolin wata hasumiya yana kallon jiragen ruwa. Wanda benci ke cizo ya samu tafiyar da ba ta buƙatar tashi.

Shafi dubu ɗaya da ɗari uku da goma sha shida aka ɗaga wa yatsa. Duk a cikin marigayin aka ajiye su. Ko adireshi ɗaya ba a rubuta a takarda ba. Yaya, wadda tela ce kuma ba ta yarda da awon da ba a rubuta ba, ta taɓa ba shi shawara ya samu littafi ya riƙa rubuta masu muhimmanci. Ya yi dariya, ya ce mata ai wannan kamar mutum ya rubuta sunan mahaifiyarsa ne don kada ya manta. Ana roƙon masu karanta wannan sanarwa kada su tuna masa wannan magana in sun zo gaisuwa. Ya tuna da kansa.

Ciwon ajali ya fara ne bara, a hankali, yadda mugun ciwo ke farawa. Sai a danna, maimakon mai gyaran agogo, sai ga kantin sayar da agogo. A danna neman teku, sai ga tallar otal a bakin teku. Da farko a cikin shafi goma ɗaya ne ke zuwa da wannan cuta, daga baya ya zama a cikin uku. Muryarsa ma ta sauya, tilin ɗin ya koma yana jinkiri kamar mai tunanin ƙaryar da zai yi. Aka ji ƙishin-ƙishin cewa waɗanda suka haife shi sun sayar da shi ga wasu mutane da ba a san fuskarsu ba. Sha-Yawo ya ce jinya ce, kowa na yi, ba a gudun masoyi don ya kwanta.

Ko ranar da aka kunyata shi bai juya masa baya ba. Wata Asabar da la'asar Kawu ya zo gidan, Sha-Yawo ya ce bari ya nuna masa wata gada da ke buɗewa jirgi ya wuce, ko Kawu ya yarda ba zaman banza ake yi a gaban kwamfutar ba. Ya danna. Tilin. Sai ga rubutu ɓaro-ɓaro ya cika fuskar kwamfutar, wai ka bar makaranta, kana jin kunya, zo ka karɓi takardar kammalawa cikin mako biyu ba jarrabawa. Kawu ya gyara tabarau ya karanta da ƙarfi, tun daga sama har ƙasa, har da lambar waya. Kafin magariba duk dangi sun ji cewa auta na neman takardar jabu. Sirrin nan da aka waiga hagu da dama kafin a faɗa, sirrin da ko Inna ba ta sani ba, ashe marigayin ya daɗe da kai shi kasuwa. Duk da haka aka rufa masa asiri. Aka ce zafin ciwo ne.

Mako uku kafin rasuwarsa sai ya yi kamar ya warware. Ranar nan ya ce tilin da tsohuwar muryarsa, ya ajiye Sha-Yawo a wani shafi marar talla ko ɗaya. Hannuwan wani tsoho ne kawai ake gani a kan shuɗin ƙyalle, da tabon ƙuna a babban yatsan hagu, wani lokaci jelar kyanwa ta gifta. Darasi goma sha biyu ne na yadda ake kwance keken ɗinki gaba ɗaya a mayar da shi. Na ɗaya zuwa na shida kwancewa, na bakwai zuwa na goma sha biyu haɗawa. Keken kuwa irin na Yaya ne sak, baƙi mai zanen furanni ruwan zinariya.

Keken Yaya a lokacin yana tsallake ɗinki, yana tsinka zare. Ga shi ta karɓi aikin kayan makaranta saiti arba'in, za a kai ranar Litinin ta sama da ake komawa hutu, kuma aikin nan shi ne babban abin da ke riƙe da ɗakin ɗinkinta duk shekara. Niyyarta ta kai shi wajen Baba mai gyaran keke, wani tsoho da ke da rumfa a ƙarshen layin teloli a kasuwa. Sha-Yawo ya tare ƙofa. Ya ce ta ba shi kwana biyu. Ya ce shi da Jagora sun fi ƙarfin wannan. Da ma ya taɓa tsayawa a rumfar tsohon ya gaya masa a gaban mutane cewa akwai ɗan maɓalli a kwamfutarsa da ya fi shi sanin keke, tsohon bai ko ɗago kai ba.

Kawu da ya ji, ya ce duk wadda ta ba Sha-Yawo kekenta ta fara wasa allurar hannu. Yaya ta daɗe tana kallon ƙanenta, sannan ta cire zaren da ke kan keken, ta naɗe tef ɗin awonta, ta ce, "Auta, ba keke na ba ka ba, bakina na ba ka. Kowa ya ce ba ka gama abu, ni na ce ƙarya ne. Kada ka sa in haɗiye maganata."

Ranar Litinin ya shimfiɗa ƙyalle, shuɗi ya nema musamman, ya bi hannuwan tsohon nan darasi bayan darasi. Awa shida ya yi a zaune, abin da ba a taɓa gani ba, har Inna ta leƙo sau biyu ta ga ko lafiya. Ya kwance keken nan har ƙashi. Ƙarfe hamsin da uku, ya wanke kowanne da kananzir, ya jera su a babban faranti yadda suka fito, na farko a hagu, na ƙarshe a dama. Ya kalli shida, ya bar na bakwai sai gobe, don ya ce ba ya son ya haɗa da gajiya. Wannan shi ne karo na farko a rayuwarsa da ya yi abu a tsanake, kuma shi ne aka hukunta shi a kai.

Talata da hantsi ya wanke hannu, ya tokare murfin kwamfuta da gwangwani, ya danna. Ba tilin. Wani ɗan zobe ya yi ta juyawa, ya yi ta juyawa, sannan farin shafi ya fito da layi uku. Wai an gode da shekarun da aka yi tare. Wai tafiya ta zo ƙarshe. A ƙasa aka sa 'yar fuska mai murmushi. Ya nemi ajiyarsa, babu. Ya buɗe tarihin shafukan da ya ziyarta, sai ya tarar da abin da bai taɓa lura da shi ba: marigayin a cikin rigarsa yake nuna kowane shafi, don haka sunansa kaɗai aka rubuta. Jagora, Jagora, Jagora, tun daga sama har shekara huɗu baya. Duk ƙofofin nan, duk ruwan saman nan, ko sunan mai gida ɗaya bai bari an sani ba.

Daga baya aka gano cewa an aiko da wasiƙa ta imel wata guda kafin nan, ana cewa kowa ya kwashe kayansa. An same ta a kwance tsakanin tallar takardar jabu da tallar otal, a akwatin da tallace-tallacen marigayin suka cika har mai shi ya daina buɗewa. Wato marigayin ya san ranar mutuwarsa. Ya san ta ranar da ya nuna darasi na farko. Yana kallo aka kwance sukurori ɗaya bayan ɗaya, yana cewa tilin, bai ce a dakata ba.

An yi iya ƙoƙari wajen neman tsohon mai shuɗin ƙyalle. An rubuta tsoho, keke, kyanwa, shuɗi a wajen bincike, aka samu hotunan kyanwoyi sanye da riguna. An samu wasu masu koyar da gyara, amma kekensu daban, ko su fara daga inda ba a gane ba. Kwana biyu Sha-Yawo yana ɗaga ƙarfe yana ajiyewa. Yaya ba ta yi faɗa ba. Da ta yi, da an samu sauƙi. Kujera ta ja bakin taga, ta zura zare a allurar hannu, ta fara ɗinke wuyan riga, ɗinki ɗaya bayan ɗaya, farantin na gefenta ba ta ko kalle shi ba. Kawu ya zo ya tsaya a kan farantin, hannu a baya, ya tambaya ko a kilo ake sayarwa.

Ranar Alhamis da safe Sha-Yawo ya rufe farantin da ƙyalle, ya ɗaure gangar jikin keken a baya, ya bi layin teloli tun daga farkonsa har ƙarshe, kowane tela na ɗago kai. Baba mai gyara ya yaye ƙyallen, ya daɗe yana duba jerin, ya ɗauki wani ɗan sifirin ya shinshina ya mayar daidai inda yake. Ya tambayi wanda ya kwance. Aka ce ga shi tsaye. Ya tambayi ina maɓallin da ya fi shi sani. Aka ce ya rasu. Tsohon ya yi ta'aziyya yadda ya kamata, fuskarsa ba alamar dariya. Sannan ya tambayi abin da ke damun keken tun farko, da aka gaya masa, ya nuna wani sukuru guda da bakin fensir, ya ce wannan ne ya saki, aikin minti biyar ne. Marigayin bai taɓa faɗin haka ba. Shi bai san a tambayi me ya lalace ba, abin da mutum ke so kawai ya sani.

Baba ya ce ba zai taɓa keken ba. Wanda ya kwance shi zai haɗa, shi nasa nuni. Amma da sharaɗi. Ya buga bencin da ke gefensa da tafin hannu, ya ce, "Samari, hannunka na da kyau, gindinka ne ba shi da tarbiyya. Shekara guda a nan, kullum. Ni ba a danna ni in kawo wani. In ka tashi, ka tashi da farantinka."

Sha-Yawo ya kalli bencin. Katako ne, irin na aji uku. Ya kalli farantin. Ya zauna.

Kwana uku aka yi, fensir na nuni, sau biyu ana warwarewa a sake. Ranar Asabar da azahar keken ya yi magana, tsaf, ba tsallake ba tsinkewa. Amma kwana biyar sun riga sun tafi. Ranar Litinin saiti ashirin da shida Yaya ta kai makaranta. Sauran goma sha huɗun shugabar ta ba wani tela, ta kuma ce za ta duba batun zango mai zuwa. Wannan asara tana wuyan marigayin da wuyan wanda ya yarda da shi, kuma ba a raba ta daidai ba tukuna. Abu ɗaya kawai Yaya ta yi a kai. Da Kawu ya sake zuwa, ta ɗauki ƙyalle ta zuga masa ɗinki miƙaƙƙe daga baki zuwa baki, ta yanke zare da haƙori, ta ajiye masa a gwiwa.

"Ya gama," in ji ta.

Marigayin ya rasu ya bar tsohuwar kwamfuta, wadda har yanzu ke jingine da gwangwani. Ya bar linzaminta, wanda gefensa na hagu ya koɗe saboda shi. Ya bar marayun shafuka dubu ɗaya da ɗari uku da goma sha shida, suna warwatse a duniya ba wanda ya san ƙofarsu, cikinsu har da darasi na bakwai da ba a taɓa ganin fuskarsa ba. Ya bar tallace-tallace masu yawa, su kaɗai ne danginsa da ke zuwa gaisuwa kullum ba fashi. Ya kuma bar wani yatsa da ke motsi shi kaɗai a kan benci duk lokacin da aiki ya yi tsawo.

Za a yi jana'izarsa ranar Laraba da ƙarfe ɗaya da minti ashirin na rana, a rumfar ƙarshe ta layin teloli, cikin hutun cin abincin da Baba ke bayarwa, don haka ana roƙon jama'a kada su makara, hutun minti ashirin ne. Za a ɗora kwamfutar a kan benci, a danna gawar da gefen dama na linzami, a zaɓi cirewa. An ce zai yi tambaya ta ƙarshe, wai an tabbata. Za a ba shi amsa. Gurbinsa a kusurwar dama za a bar shi fili.

Yaya za ta halarta. Ba a gayyaci Kawu ba, amma an ajiye masa kujera. Ana roƙon masu ta'aziyya kada kowa ya zo da sunan wani sabon maɓalli, ko da an ce ya fi marigayin kirki. Wanda kuma Allah ya sa ya ci karo da hannuwan wani tsoho a kan shuɗin ƙyalle, da tabon ƙuna a babban yatsa, ya taimaka ya kawo adireshin. An sayi littafi da biro.

Za a ci gaba da karɓar gaisuwa a wannan rumfa daga safe zuwa la'asar, kullum ban da Lahadi, har shekara ta zagayo. Ba sai an yi waya an tambaya ko Sha-Yawo na nan ba. Wanda ya zo zai same shi a zaune.